Darasi na Tara: Faɗi, Tsawo da Wuta a Bututun Tata

A shekarar 1996 ƙasar Niyu Zilan ta gyara dokarta ta kwastam, ta ɗage haramcin da ke kan mutum ya tace barasa a gidansa don amfanin kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. Ƙasashen da suka yarda da haka ba su da yawa. A Amurka sai da izinin gwamnatin tarayya, a Ingila sai da lasisin hukumar haraji. Da aka buɗe ƙofar a Niyu Zilan, manoma da masu gyaran famfo da kanikawan da suka yi ritaya suka shiga garejinsu, kowa ya nemo tukunyar ƙarfe ya dasa mata bututun jan ƙarfe a ka. Tambayar da ta fi damun su ba ta wuce biyu ba: bututun nan, yaya faɗinsa zai kasance, kuma ina tsawonsa zai tsaya?

Tambayar ba ta 'yan gareji kaɗai ba ce. Ita ce injiniyoyi suka amsa kafin a buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, da ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, da ta Ɗangote a Lekki. Ita ce ke gaban mai tatar turare da mai haɗa sinadarin wanke hannu na asibiti. Shan barasa haramun ne a Musulunci, jihohin da ke bin Shari'a sun hana cinikinta, kuma a ko'ina a Najeriya sarrafa ta don sayarwa sai da rajistar NAFDAC. An ɗauki ƙaramar na'urar 'yan Niyu Zilan a wannan darasi ne saboda lissafinta na shiga kan takarda guda, kuma wanda ya gane shi ya gane hasumiyar matatar mai.

Abin da murfin tukunya ke koyarwa

Duk wadda ta taɓa ɗaga murfin tukunyar miya ta ga ɗigon ruwa sun taru a cikinsa. Miyar ja ce, ga gishiri ga manja, amma ɗigon fari ne tas, ba ɗanɗano. Ruwa ya tashi ya zama tururi, ya bar gishiri a ƙasa, ya bugi murfi mai sanyi ya koma ruwa. Tata ke nan, iyakarta.

Wahala tana farawa ne idan abubuwa biyun da ake so a raba duk suna tashi. Ruwa na tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, a gaɓar teku. Itanol, wato sinadarin da ke cikin barasa, yana tafasa a digiri 78 da ɗan ɗoriya. Sababbin shiga sukan ɗauka cewa in an riƙe tukunya a digiri 80, itanol zai fice shi kaɗai ya bar ruwa. Ba haka abin yake ba. Gaurayen yana da nasa zafin tafasa, tsakanin na biyun, kuma dukkansu tare suke tashi, sai dai itanol ya fi yawa a tururin fiye da yadda yake a tukunya. Ruwan da aka ruɓar da sukari ko rogo ko rake, mai itanol kashi 10 cikin 100, yana tafasa wajen digiri 93, tururinsa kuma na ɗauke da itanol kashi 50 da wani abu. In aka tara wannan aka sake tafasawa, zai kusanci kashi 80. Karo na uku ya ɗan haura 85. Daga nan riba ta fara ƙanƙancewa, kowane zagaye na ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Haka mutanen dauri suka yi ta yi ƙarni bayan ƙarni. A Bagadaza, a ƙarni na 9, masanin falsafa al-Kindi ya rubuta littafi kan haɗa turare da tata, ya kawo hanyoyi sama da 100, har da na ruwan wardi. Na'urarsu tukunya ce da hula da hanci mai gangarawa. In ana son abu mai ƙarfi, sai a juye a sake ɗorawa. Har gobe masu yin wiski a Sikotlan sau biyu suke tacewa a tukwanen jan ƙarfe, da yawa daga na Ayalan kuma sau uku. Kowane zagaye itace ne, da lokaci, da asara.

A 1813 wani Bafaranshe, Cellier-Blumenthal, ya yi rajistar na'ura mai hasumiya wadda ke yin zagayen da yawa a wuta ɗaya. A 1830 Aeneas Coffey ya yi rajistar tasa, wadda ta fi shahara. Abin dariya, Coffey jami'in haraji ne a Ayalan da ya shafe shekaru yana farautar masu tatar barasa a ɓoye. 'Yan ƙasarsa suka raina na'urar, suka ce tana cire wa wiski ɗanɗano. Mutanen Sikotlan suka karɓa, kuma kasuwar duniya ta bi su.

Tururi na hawa, ruwa na sauka

Dabarar ita ce kada a bar tururi ya fice da zarar ya kai sama. A ƙolin bututu akwai masanyayi, wato nannaɗaɗɗen siririn bututu da ruwan sanyi ke bi ta cikinsa. Tururi ya taɓa shi ya zama ruwa. Maimakon a kwashe duka, sai a ɗebi kaɗan, a bar mafi yawa ya koma ƙasa ta cikin bututun. Wannan shi za a kira ruwan komau.

A hanya ruwan komau ya yi karo da sabon tururin da ke hawa. Tururin ya fi shi zafi, don haka ya ba shi zafinsa. Ɓangaren tururin da ruwa ya fi yawa a cikinsa ya koma ruwa ya bi ƙasa, ɓangaren ruwan komau da itanol ya fi yawa a cikinsa ya sake tashi ya bi sama. Wannan musaya na faruwa a kowane taki na bututun, ba tsayawa. Kamar a jera rariya goma, kowace ta fi ta bayanta laushi, a zuba gari sau ɗaya ya bi ta cikinsu duka. Injiniyoyi na kiran kowace cikakkiyar musaya mataki ɗaya, kuma mataki ɗaya daidai yake da zagaye guda na tsohuwar tukunya. A 1925 wasu ɗalibai biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Warren McCabe da Ernest Thiele, suka fito da hanyar ƙirga matakan ta zane a takarda, inda ake jan layi kamar matakalar bene. Har yanzu ita ake fara koya wa ɗaliban injiniyan sinadarai.

Akwai bangon da ba a wucewa. Idan itanol ya kai kashi 95.6 cikin 100 a nauyi, tururinsa da ruwansa sun zama iri ɗaya, suna tafasa tare a digiri 78.2. Ko bututu ya kai tsawon rimi, ba zai ƙara ko ɗigo ba. Masana'antun da ke buƙatar itanol maras ruwa, irin wanda ake gaurayawa da fetur, wata hanya dabam suke bi don tsotse ragowar. A Birazil, inda gwamnati ta fara shirin man rake a 1975, akwai motocin da ke shan mai ɗan ruwan nan yadda ya fito daga hasumiya.

Wuta ce ke yanke faɗi

A nan ne masu ƙira suka fi yin kuskure. Mutum ya tsinci bututu a kasuwar 'yan gwangwan, ya ce da wannan zan yi, sannan ya je neman abin dumama. Baibai ya fara. Ƙarfin wuta shi ke faɗin yawan tururin da zai taso, kuma tururin nan dole ya sami hanya.

Lissafin ba shi da wuya. Abin dumama na lantarki mai wat 1,000 yana tayar da tururi wajen lita 43 zuwa 45 a minti guda, wato kimanin santimita kubik 720 a kowace daƙiƙa. A ɗauki bututun inci 2, wanda faɗin bakinsa ya kai santimita 5. Filin bakinsa kusan santimita 20 ne murabba'i. A raba 720 da 20, an sami 36. Tururin zai riƙa hawa da gudun santimita 36 a daƙiƙa. Masu wannan sana'a sun daɗe da gano cewa ƙananan bututu sun fi aiki idan gudun yana tsakanin santimita 30 da 50. Saboda haka bututun inci 2 abokin wat 1,000 zuwa 1,500 ne.

In wuta ta yi wa bututu yawa, tururi zai tare ruwan komau ya hana shi sauka. Ruwan ya taru a tsakiya, bututu ya fara gurnani yana kakkarwa, ma'aunin zafi ya rikice, a ƙarshe ya yi amai ta sama. Injiniyoyi na kiran wannan ambaliya, kuma a manyan matatu ma ana fargabarta. In kuma wuta ta yi kaɗan, tururi na hawa a kasalance, ruwan komau bai isa ya jiƙa ko'ina ba, a wuni ana jiran abin da bai cika kwalba ba.

Akwai wani abu da ke yaudarar ido. Bututun inci 4 ya ninka na inci 2 sau biyu a faɗi, amma filin bakinsa ya ninka sau huɗu. Wuta sau huɗu yake so, wat 4,000 zuwa 6,000, abin da wayar ɗaki ba za ta ɗauka ba. Haka nan bututun inci 1 rubu'in na inci 2 ne, ba rabinsa ba, wat 400 ma ya kusa shaƙe shi.

Tsarki ne ke yanke tsawo

Bututu fanko ba ya tace komai. Ruwan komau zai bi bango ya zurara, tururi ya bi tsakiya ya wuce, ba su gaisa ba. Dole a cusa masa abin da zai tarwatsa ruwan ya shimfiɗa shi, ya kuma bar wa tururi kafa. A manyan hasumiyoyi faranti ake jerawa masu huji ko masu 'yan huluna. A 1914 wani Bajamushe, Friedrich Raschig, ya yi rajistar ƙananan zobba na tangaran da ake zubawa a bututu, har yau da sunansa ake kiran su. 'Yan gareji kuwa sun gano cewa soson ƙarfe na wanke tukunya, wanda ba ya tsatsa kuma ba a shafa masa sabulu ba, ya fi zobban aiki a ƙaramin bututu.

Kowane irin cushe yana da tsawon da yake bukata kafin ya ba da mataki ɗaya. Soson ƙarfe a bututun inci 2 yana ba da mataki a kowane santimita 10 zuwa 13. Duwatsun gilashi na wasan yara sai sun ci wajen ninki uku na wannan. To, bututu mai cushen soso na tsawon santimita 120 zai ba da mataki kusan 10, a ƙara da ɗaya na tukunyar kanta. Mataki 3 ko 4 sun isa a haura kashi 85. Amma daga kashi 90 zuwa 95, inda layukan McCabe da Thiele ke matsewa kamar za su haɗe, mataki 10 ma da ƙyar suke kaiwa. Shi ya sa yawancin na'urorin gida ke tsayawa tsakanin mita 1 da mita 1 da rabi. Ƙasa da haka tsarki ya ragu. Sama da haka ribar kaɗan ce, kuma rufin ɗaki ya tare hanya.

Cusawa ma da gwaninta. In aka danna soson da ƙarfi, an toshe hanya, ambaliya za ta zo da wuri. Gwajin da masu yi ke yi shi ne su sa baki a gindin bututun su hura. In iska ta wuce ba tare da kumatu sun kumbura ba, ya yi. Sannan a naɗe jikin bututun da abin da ke riƙe zafi, don kada iskar ɗaki ta riƙa mayar da tururi ruwa a bango yadda ta ga dama.

Nawa za a ɗiba, nawa za a mayar

Wat 1,000 na kai wa ƙoli ruwa kimanin mililita 80 a minti idan itanol ya yi ƙarfi. Da farko ba a ɗiban komai. Ana rufe famfon fita, a bar duka ya riƙa komawa na rabin sa'a ko fiye, har sinadarai su jeru a bututun bisa zafin tafasarsu, ma'aunin da ke sama ya tsaya cak. Sannan a buɗe kaɗan. Wanda ya ɗebi kashi 1 ya mayar da 9 zai sami mililita 8 a minti, wajen rabin lita a sa'a. Wanda ya gaji da jira ya buɗe famfo sosai zai sami ninki uku ko huɗu, amma ma'aunin zafi zai fara hawa nan take, alamar ruwa ya biyo. Dogon bututu na rage bukatar komau, yawan komau na rufa wa gajeren bututu asiri, amma kowanne da iyakarsa.

Lambar da ke kan ma'aunin ma ba ta tabbata a ko'ina ba. A Jos, da ke sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, ruwa na tafasa wajen digiri 96, itanol ma yana sauka daidai gwargwado. Abin lura shi ne tsayuwar lambar wuri guda, ba ita lambar ba.

Masanyayi shi ma da lissafinsa, kuma dokarsa ɗaya ce: duk zafin da aka zuba a ƙasa sai an kwashe shi a sama. Lita ɗaya ta ruwa na shan jul 4,180 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. In ruwan sanyi zai shiga a digiri 25 ya fita a 45, wat 1,000 na bukatar kusan kashi uku cikin huɗu na lita a minti, wato lita 43 a sa'a. A wunin aiki ganga ta tafi. Da lambar nan dai ake gane lokacin dumama: lita 25 daga digiri 25 zuwa 90 a kan wat 1,500 zai ci kimanin minti 75. Tukunya kuma ba a cika ta fiye da kashi uku cikin huɗu, domin kumfa na iya tasowa ta shiga bututu.

Inda rai ke salwanta

Ba a taɓa rufe na'urar tata ruf. Dole a bar ɗan huji a can sama da masanyayi, buɗe ga iska. In ba haka ba, ranar da wani abu ya toshe, tukunya ta zama bam. In kuma ruwan sanyi ya yanke, tururin itanol zai fita ɗaki, ya fi iska nauyi, ya bi ƙasa yana neman tartsatsi. Harshen wutarsa shuɗi ne da ba a cika gani da rana ba, sai mutum ya ji zafi kafin ya ga abin da ke cin sa.

Ƙarfen da aka yi aikin da shi ma abin dubawa ne. Jan ƙarfe ana son sa domin yana kama sinadaran farar wuta masu wari. Ƙarfe maras tsatsa shi ma ba laifi. Amma roba na narkewa a itanol mai zafi, likin da ke da dalma kuma guba ne. A kudancin Amurka likitoci sun sha ganin masu shan barasar ɓoye da dalma a jini, saboda masu yi na amfani da tsohon lagireton mota a matsayin masanyayi. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin illarta.

Sai metanol, ɗan'uwan itanol da ke tafasa a digiri 64.7. Ido ba ya bambance su, hanci ma haka. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi. Ana yawan cewa zubar da ɗigon farko yana kawar da shi. Ɗigon farko lallai yana ɗauke da sinadarai masu hawa kai, amma metanol ba ya fita gaba ɗaya a can, yana bin tatar har ƙarshe. Ruɓar sukari da hatsi ba ta samar da shi da yawa, ta 'ya'yan itace ta fi. Yawancin mace-macen da ake ji kuwa daga algus ne, inda ɗan kasuwa ke zuba metanol na masana'antu don kaya su yi auki. A watan Afrilun 2015 mutane suka yi ta makancewa suna mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo, har aka fara ɗora wa tsafi, kafin bincike ya nuna metanol ne a cikin ogogoro, wato barasar da ake tacewa a gida. A watan Yunin shekarar gommai suka mutu a jihar Ribas ta wannan hanya. A Ghana, Turawan mulkin mallaka sun haramta akpeteshie, wato irin ogogoron can, a shekarun 1930, ba a halatta shi ba sai 1962, kuma duk tsawon haramcin ba a daina yi a daji da ganguna da bututun da aka tsinta ba.

Daga gareji zuwa Lekki

A matatar mai ana dumama ɗanyen mai zuwa digiri 350 ko sama da haka, a tura shi gindin hasumiya. Maimakon famfo ɗaya a ƙoli, akwai mafita a hawa dabam-dabam. Iskar gas da sinadarin fetur na fita ta sama, kananzir a ƙasa da su, sai man dizal, a can gindi kuma baƙin mai mai kauri da ake yin kwalta da shi. A ƙolin akwai masanyayi da ruwan komau, kamar dai na ɗan gareji. Hasumiyar da aka kawo wa matatar Ɗangote daga ƙasar Sin a 2019 ta haura mita 110 a tsawo, domin matatar da aka tsara ta tace ganga 650,000 a rana. Ta Kaduna an kai ƙarfinta 110,000, ta Damagaram kuwa an tsara ta a kan 20,000. Mai faɗin hasumiya shi ne mai yawan ganga, mai yawan faranti shi ne mai iya raba kananzir da dizal ba tare da sun cakuɗe ba.

Aikin darasi

Wata masana'antar sinadarin wanke hannu mai lasisi tana da abin dumama mai wat 3,000. Ɗalibi ya lissafa yawan tururin da zai taso a daƙiƙa, ya gwada shi a bututun inci 2 da kuma na inci 3, wanda filin bakinsa kusan santimita 45 ne murabba'i, ya faɗi wanda zai yi ambaliya da dalilinsa. Sannan ya fitar da litar ruwan sanyi da za a bukata a sa'a guda idan ruwan rijiyar burtsatse na shiga a digiri 30 yana fita a 50. A ƙarshe a tattauna a aji: in masana'antar ta koma Jos, wace lamba ce za ta sauya a ma'aunin zafi, kuma wanne daga cikin lissafin ne zai tsaya yadda yake?